Na Ɗinka Sunan Wani a Kan Lambar Ramiro

Lorraine, ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Laraba, don ranar Alhamis ƙarfe shida na yamma ake rufe ƙofar musanyar 'yan wasa, bayan nan ko da wace hikima kika zo ba ta da amfani a wurina.

Ni tsohuwa ce, shekarata saba'in da ɗaya, jikokina bakwai, kowanne kuma yana tunawa da ni sosai idan ranar haihuwarsa ta matso. A aji tara na bar makaranta, saboda haka in kin ga rubutuna ya karkace ki yi haƙuri, ɗinkina dai ba ya karkacewa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina ɗinka wa 'yan wasan besbol na garin nan, wato wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, suna da lamba a bayan riga. Ɗakina yana can ƙarƙashin filin wasa, tsakanin ɗakin wanki da inda ake jibge sandunan duka. Ba taga, sai keken ɗinki biyu da rediyo. In wani ya aika ƙwallo bayan katanga, kofin gahawata ne yake fara rawa a kan tebur saboda ihun 'yan kallo kafin mutumin rediyo ya buɗe baki.

Kada ki ce me ya sa na rubuto wa shafinki na jarida maimakon in je wurin fada a coci. Na je, ranar Asabar. Na durƙusa, na ce, "Fada, a wurin aikina ana maganar musanya, ni kuma zuciyata ba ta da tsabta." Sai na ji ya jawo kujerarsa kusa da labule, ya rage murya ya ce, "Mai jifa za mu samo ko mai duka?" Na ce masa na manta zunubin, na ɗauki jakata na fito.

Kin san halin da muke ciki, ko ba kya kallo ai kina jin ihun maƙwabta. Mu ne a sama a rukuninmu da ratar wasa biyu. Rabon garin nan da kofi tun kafin in fara aiki. Ga shi babban mai jifanmu gwiwar hannunsa ta tashi aiki tun farkon Yuli, sauran kuma sun gaji, in sun jefa ƙwallo sai ka ce aike suka yi mata. Kowa ya san sai an samo sabon hannu. Mai sayar da biredi ya sani, direban bas ya sani, surukina da bai iya ɗaura kwan fitila ba shi ma ya sani, har da sunayen waɗanda ya kamata a kora.

Ranar Juma'a babban manajanmu, Curtis, ya sauko ɗakina da kansa. Yaro ne ɗan shekara talatin da takwas, na girmi uwarsa. A hawa na huɗu yake zama da wasu samari goma sha biyu, kowa da kwamfuta a gabansa, sun san saurin juyawar ƙwallo a iska amma ba wanda ya san inda maɓallin rigarsa ya faɗi. Ya rufe ƙofa, ya zauna a kan kwalin safa, ya miƙo min takarda biyu. Haka ake yi duk shekara. Kafin a ƙulla musanya sai an ba ni suna a asirce in tanadi riga, don mutum ya sauko daga jirgi ya tarar da ita a rataye. Ni nake fara sani kafin 'yan jarida, kafin koci, kafin matan 'yan wasan, kuma a shekara talatin da ɗaya ban taɓa furta wa kowa ba, ko marigayi Stan, mijina, da yake gyara ciyawar filin nan har ya mutu.

Takarda ta farko ta ce PAPADIMITROPOULOS, lamba arba'in da bakwai. Ki ƙirga, harafi goma sha bakwai ne, ni na ƙirga sau uku ko Allah zai sa ya ragu. Mai jifa ne na gaske, kwantiraginsa da sauran shekara biyu, ƙungiyarsu tana can ƙasan teburi ta cire rai. Amma ba za su sake shi ba sai mun ba su samarinmu biyu mafi kyau da ake reno a ƙananan ƙungiyoyinmu, waɗanda ake cewa su ne goben garin nan.

Takarda ta biyu ta ce LUND. Harafi huɗu, biyu daga ciki miƙaƙƙu. Na ji wani sanyi a raina. Sai idona ya sauka kan lambar: goma sha biyu.

Lorraine, ba a sa wa mutum biyu lamba ɗaya a ƙungiya ɗaya. Goma sha biyu kuwa ta Ramiro Duarte ce, mai cafe mana ƙwallo, wanda ya shekara tara yana tsugunne a bayan masu duka. Lambar ta gama magana. Daga baya Curtis ya ce ƙungiyar su Lund su ma kofi suke nema a ɗaya ɓangaren, mai cafe musu ya karya yatsa, suna da rarar masu jifa, gogaggen mai cafewa suke so. Mu kuma muna da wani sabon mai cafewa da samarin hawa na huɗu suke mutuwar so. Shi Lund ɗan haya ne, wata biyu ya rage a kwantiraginsa, amma wata biyun ne ake bukata. Hanya ta uku ita ce a zauna haka nan a yi addu'a, wannan kuwa mai ƙungiyar ta riga ta ce ba don addu'a take biyansa albashi ba.

Na ce masa, "To ɗan nan, ka zaɓa mana, ai don haka aka saya maka kujera mai juyawa." Ya ce samarinsa sun rabu shida da shida, kwana huɗu ba ya iya cin abinci sai maganin ƙwannafi. Sannan ya dube ni ya ce, "Kaka, Laraba zan dawo. Ki faɗa min wanne. Kuma ki faɗa min gaskiya, Ramiro akwai sauran shekara biyu a jikinsa?"

Yanzu dole in gaya miki abin da ya sa mutum mai digiri biyu yake tambayar tela, kuma nan ne zunubin da fada bai bari na faɗa ba.

Shekara goma sha tara da suka wuce wani manaja na lokacin ya kawo min suna mai harafi goma sha huɗu. Ba a buga sunayen nan da inji, Lorraine. Kowane harafi yanka shi ake yi daga yadi mai kauri, ninki biyu, a jera su su yi baka daga kafaɗa zuwa kafaɗa, a bi kowanne da keke a gefe-gefe. In suna ya yi tsawo sai an matse haruffan, bakan ya sauko har hammata, in ka kuskure ɗaya ka farke duka. Ranar kuma bayana yana ciwo. Sai na taɓe baki na ce, "Wannan kafaɗarsa ba ta yi min ba." Ban taɓa ganin mutumin ba sai a jarida, a jaridar ma fuskarsa kawai. Manajan ya yi dariya, amma cinikin ya watse saboda wani dalili nasu. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, a watan Agusta kafaɗar ta yage. Bayan shekara uku aka kawo wani mai harafi uku, na ce wannan ƙirjinsa na jarumai ne. Ya zo ya yi ta aika ƙwallo bayan katanga har Satumba. Shi ke nan. Magana ta zaga gini cewa tsohuwar ƙasa tana karanta jikin mutum a yadi. Manajoji huɗu sun zo sun tafi, kowanne ya gaji labarin daga na gabansa kamar yadda ya gaji makullin ofis. Ni kuwa ma'aunina bai taɓa sauyawa ba: gajeren suna jarumi ne, dogon suna akwai abin dubawa. Na yi kuskure aƙalla sau tara, ina sane da kowanne, amma ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Biyun nan kawai ake ba da labari a walimar Kirsimeti, ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, in ƙara cin naman.

To ga abin dariyar da ya hana ni dariya. A shekara talatin da ɗaya, wannan ne karo na farko da na karanta wani abu a yadi da gaske, kuma shi ne wanda aka ce kada in faɗa.

A watan Mayu Ramiro ya shigo ɗakina da wandonsa a hannu. Abuela yake ce min, wato kaka da yarensu na ƙasar Banazuwela. Ya ce in buɗa masa ƙafar hagu wajen gwiwa, faɗin yatsa biyu. Na ce, "Ƙafa ɗaya ce take cin girkin matarka Marisol, ɗayar tana azumi?" Bai yi dariya ba. Ya naɗe wandon jikinsa ya nuna min. Gwiwar ta yi kamar kabeji, ya ɗaure ta da wani abu mai ƙarfe a gefe da ya sayo da kansa, wani likita a wajen gari yake zuƙe masa ruwan. In ya ɗora sulken ƙafar da masu cafewa suke sawa, ba mai ganin komai. Ya ce, "Abuela, tsakanina da ke. Ki bar ni in kai Oktoba, lokacin wasannin kofi, shekara tara ina jiranta." Na buɗa masa. Farkon Yuli ya dawo, na ƙara yatsa ɗaya.

Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Shekara uku samarin hawa na huɗu suna roƙonsa ya bar tsugunnon da, ya riƙa kafa gwiwa ɗaya a ƙasa yana miƙe ɗayar, wai shi ne sabon salo, lissafi ya nuna ya fi. Ya ƙi, ya ce ubansa bai koya masa haka ba. Bana kwatsam ya fara. Suka yi murna, suka zana jadawali mai launi, har ɗaya daga cikinsu aka ƙara wa girma saboda ya shawo kan tsoho. Ni da nake facin wandon na san ba ra'ayinsa ne ya lanƙwasa ba, ƙafar ce ta ƙi lanƙwasawa.

Jiya Lahadi matarsa Marisol ta zo gidana bayan coci da kwanon arepa mai zafi, wainar masara ta ƙasarsu, ta zo duba labulenta. Shekara tara suna haya, don ɗan wasa bai san inda zai wayi gari ba, sai bana suka yi ƙarfin hali suka sayi gida layi biyu daga nawa. Taga goma sha ɗaya, ni na je na auna, na gama bakwai. Ta zauna tana shafa yadin tana ce min 'yarsu ta zaɓi ɗakin da yake kallon itacen tufa. Ni kuma rigar LUND mai lamba goma sha biyu tana kulle a akwatin ƙarfe a wurin aiki, ina ganinta a idona kamar a kan teburin take. Labule ba ya bin mutum wani gari, Lorraine, tagogi ba girmansu ɗaya ba. Na ci arepa uku don kada bakina ya samu sarari.

Ga yadda na juya abin a kaina. In na ce wa Curtis Ramiro ƙarfe ne, zai riƙe shi, ya ba da samarin nan biyu, ya kawo mai dogon suna. In gwiwar ta sare a Satumba, mun ba da gobe, mun rasa yau, kuma da bakina. In na gaya masa gaskiya, na ci amanar mutumin da ya naɗe min wandonsa, kuma ban san me Curtis zai yi da ita ba, ko ya ajiye shi a benci, ko ya yi sauri ya tura shi kafin waɗancan su farga. In kuwa na ce kawai, "Lund ya fi yi min," ban yi ƙarya ba, ban tona asiri ba, ba wanda zai taɓa sanin komai. Ranar Alhamis ana tsakiyar wasa za a kira Ramiro daga fili, a gan shi a talabijin yana rungumar abokansa ɗaya bayan ɗaya a rumfar 'yan wasa, duk garin ya gane an sayar da shi, ni kuma in ɗauki reza in farke DUARTE daga riguna huɗu.

Ba zan ɓoye miki ba, hanyar nan ta uku tana min murmushi. Kowane ɗan wasa riga huɗu gare shi, ta gida, ta tafiya, ta Lahadi da ta atisaye. Lund harafi goma sha shida ke nan gaba ɗaya. Wancan bawan Allah sittin da takwas, da waɗannan yatsun nawa da sanyi ya kama. Rigar Lund a awa ɗaya na gama ta, ta yi kyau har na ji kunya. Ta ɗayan kwana uku ina kanta, na kai PAPADI na tsaya.

Sannan akwai zobe. In ƙungiya ta ci kofi har mu na ƙasa ana yi wa zobe, da mai wanki da mai shara. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mun kai wasan ƙarshe, har aka zo aka auna mana yatsu, ni da Stan. Ya yi mako guda yana miƙa hannu a gaban madubi. Aka cinye mu a zagaye na tara, na ƙarshe. Ya mutu da yatsansa haka nan. Ni kuma bana nake son ajiye aiki, kuma ina son zoben nan, so irin wanda bai dace da mai jikoki bakwai ba.

To ki faɗa min, me zan ce wa yaron nan ranar Laraba? Na zaɓe ki ne saboda kina da hankali, kuma sunanki harafi takwas ne, ba yabo ba fallasa.

Tsohuwa Mai Keke Biyu

*

Yaya Mai Keke Biyu,

Tela ɗaya ƙungiyar nan take da shi, saboda haka sunan ɓoyenki bai ɓoye ko gefen zanenki ba. Wannan amsar na aika miki da ita hannu da hannu ranar Litinin, ba mu buga ta ba sai da wa'adin ya wuce kuma kika yarda. Mun sauya sunaye da lambobi, amma mun bar yawan haruffan yadda yake, don kada masu karatu su raina wahalarki.

Bari in fara da hanyar da take miki murmushi, don ita ce mafi muni a cikin ukun. Kin ce in kin ce "Lund ya fi yi min" ba ki yi ƙarya ba, ba ki tona asiri ba. Kin yi duka biyun, a nannaɗe. Curtis zai ɗauka idonki ne ya gano wani abu a jikin Ramiro, tunda abin da ya tambaye ki ke nan. Kin yi aiki da asirin mutum don a tura shi, ba tare da ya samu damar cewa uffan ba. Kuma kin sa an miƙa wa wata ƙungiya gwiwar da kika san ta lalace a matsayin lafiyayya. Cewa ba wanda zai sani ba gaskiya ba ne. Ke za ki sani, kuma ke ce mai riƙe kuskure tara da kowa ya manta.

Ga wani abu kuma da ba ki sa a lissafinki ba. Ba ƙungiyar da take karɓar ɗan wasa ba tare da likitocinta sun bincika ba, balle mai cafewa ɗan shekara talatin da wani abu da suke so ya tsuguna musu har Oktoba. Sulken ƙafa ba ya shiga ɗakin likita. In aka bi ta wannan hanyar, mai yiwuwa baƙi ne za su gano gwiwar, cinikin ya watse a awa ta ƙarshe, labarin ya fita cewa ya ɓoye ciwo, Curtis ya wayi gari ba Lund, ba lokacin neman wani. Kin ga hanyar da kika ɗauka mai sauƙi tana iya cinye Ramiro da zoben a lokaci guda.

Ina jin tausayin Ramiro, kuma ban ɗauke shi macuci ba. Mutum ya shekara tara yana tsugunne, ga abin da yake jira ya matso, ga wanda zai gaje shi yana zaune a benci yana kallonsa. Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Amma Curtis ma yana da haƙƙi a kanki. Ya yarda da ke, zai yanke hukuncin da ya shafi aikinsa, da samarin nan biyu da za a iya turawa wani gari, da mutum ashirin da biyar da suke jefa wa Ramiro ƙwallo ko suke tsaye a bayansa. Amana biyu kike riƙe da su, ta gwiwa da ta lamba. Ba ki da ikon kai ta wannan wurin wancan. Abin da kike da iko da shi shi ne ki ƙi zama bangon da ya raba su.

Saboda haka gobe Talata ki nemi Ramiro, shi kaɗai, ba Marisol ba. Kada ki ambaci riga ko lamba ko Lund. A ƙarshen Yuli ba ɗan wasan da bai san ana iya ambaton sunansa a sama ba, ba sai kin ƙara masa komai ba. Ki gaya masa an tambaye ki game da jikinsa, Laraba za ki amsa, ba za ki tona shi ba, amma ba za ki ce lafiyarsa ƙalau ba. Ki ce ya je wurin likitan ƙungiya da ƙafarsa kafin lokacin. Wanda ya kai kansa ana neman yadda za a yi da shi, a hutar da shi mako biyu, a raba masa wasanni da ɗayan mai cafewar, a lallaɓa shi ya kai Oktoban da yake so. Wanda aka kama ba a yi masa wannan. Ki kuma tuna masa cewa bayan Oktoba akwai shekara arba'in ko hamsin da zai taka wannan ƙafar, akwai bene a sabon gidan, akwai 'yar da za ta so ya raka ta gaban fada wata rana ba tare da sanda ba. Kin san yadda ake faɗa wa mutum magana mai ɗaci yana dariya, wasiƙarki ta nuna.

Ranar Laraba kuma ki zaunar da Curtis a kan kwalin safarsa ki ba shi labarin harafi goma sha huɗu, daga farko har ƙarshe, har da kuskure taran. Na san wannan ya fi miki zafi a kan sittin da takwas ɗin. Za ki rasa sarautarki ta walimar Kirsimeti. Amma muddin yana jin akwai tsohuwa a ƙasa mai gani har hanji, ba zai yi tambayar a inda ya kamata ba. In Ramiro ya riga ya hau sama, kin huta. In ya ƙi, ki ce wa Curtis tambayar jiki ta likita ce, ya yi wa likita ita game da duk wanda sunansa yake kan teburinsa kafin ya sa hannu. Na san wannan ma yana da ƙamshin nuni, ba zan ce miki ba shi da shi ba. Amma kin riga kin faɗa wa Ramiro za ki yi haka, kin ba shi kwana guda, ba a bayansa kika yi ba.

Ba zan yi miki alkawarin abin zai yi daɗi ba. Ramiro yana iya yin fushi, kwanon arepa ya daina zuwa na wani lokaci. Curtis yana iya yin dariya, yana iya ƙin gaishe ki har Satumba. Cinikin Lund yana iya mutuwa, a ba da samarin, ki kwana biyu kina yanka harafin O. Zoben kuma ba a hannunki yake ba, bai taɓa zama a hannunki ba, ko a shekarar mai harafi uku. Son sa ba abin kunya ba ne, Stan ma ya so shi. Sai dai zobe ne da za ki riƙa kallo kullum kina wanke kwano, gara ya zama wanda za ki iya kallo.

Game da wa ya kamata a ɗauko, ina da ra'ayi kamar kowa a garin nan, amma zan riƙe abina. Mijina mai goyon bayan waɗanda suke bin ku da ratar wasa biyu ne, da zai san yadda kike zaɓe da ya aiko miki da fure ya ce ki ci gaba.

Labulen Marisol ki ƙarasa su. Ita ta ba ki aikin, tagoginta suna nan a yau, rana kuma tana shiga ɗakin 'yarta. Rigar da kika tsaya a PAPADI ki koma kanta, saura harafi goma sha ɗaya, ki yi su da kyau kamar na Lund, don mutumin bai zaɓi sunan kakansa ba. Rezar ki bar ta a aljihun tebur har ƙarfe shida na Alhamis. In kuma Ramiro ya sake shigowa da wando a hannu karo na uku, ki ajiye almakashi, ki kama hannunsa ku hau bene tare, a hankali, don dukanku biyu gwiwa ba ta da kyau.

Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta miki yatsu, ya sa a sake zuwa auna su.

Lorraine